Shuɗin watan Turawa: ma'anonin “blue moon” da yadda ake amfani da su

A daren Laraba, 30 ga Agusta 2023, kafafen labarai na Turanci sun yi ta yayata cewa za a ga “blue moon”, wato shuɗin wata idan aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito tsakar gida a Kano ko Maraɗi a wannan dare, in dai hadarin damina bai lulluɓe sama ba, abin da ya tarar shi ne wata ɗan daren sha huɗu, fari tas kamar kullum. Ya ɗan ɗara girma, domin a daren tsakaninsa da duniya kimanin kilomita 357,000 ne, alhali matsakaicin nisansa 384,400 ne. Amma shuɗi, ko ɗigo babu a jikinsa. Kuma masu sanarwar ba ƙarya suka yi ba.

Abin da ke kawo ruɗanin shi ne, kalmomin nan biyu kaya uku suke ɗauke da su, kowanne da zamanin da aka ɗora shi. Akwai ma'anar bakin mutane, wadda ake ji a gida da ofis. Akwai ta masu lissafin kalanda, wadda 'yan jarida ke nufi. Akwai kuma ta launi na zahiri, domin wata ya taɓa yin shuɗi a idon jama'a, ba sau ɗaya ba. Wanda aka haifa cikin Turanci yana gane wadda ake nufi daga yanayin magana. Mai koyo da mai fassara su ne ke shiga uku idan suka cakuɗa su.

Ta bakin mutane

Wadda aka fi buƙata a yau da kullum ita ce ta salon maganar nan “once in a blue moon”. Nufinsa abu yana faruwa, amma da wuya, sai an daɗe ƙwarai. Sharuɗɗa biyu ne a ciki, kuma dole su haɗu: abin yana maimaituwa, sannan tazarar da ke tsakani doguwa ce marar ƙa'ida. Abin da sau ɗaya ya taɓa faruwa ba ya shiga. Abin da ke da sananniyar rana, kamar zaɓen da ake yi duk bayan shekara huɗu, shi ma ba ya shiga, ko da tazararsa ta yi tsawo.

Idan aka jera kalmomin Turanci masu nuna yawan faruwar abu kamar matakalar bene, “always” ce a sama, sai “usually”, “often”, “sometimes”, sannan “once in a while”, sannan “rarely”. Can ƙasa, saura taki ɗaya a kai “never”, nan “once in a blue moon” yake, kafaɗa da kafaɗa da “hardly ever”. A Hausa muna da irin wannan matakala: kullum, galibi, sau da yawa, wani lokaci, jefi-jefi, ba kasafai ba, can ba a rasa ba, sam. Gurbinsa ya fi dacewa da “can ba a rasa ba”, ko “daga sallah sai sallah” idan ana maganar ziyara, sabon ɗinki ko cin nama.

Babu adadi a cikinsa. Wanda ya ce yana shan lemon kwalba “once in a blue moon” mai yiwuwa sau ɗaya a wata biyu yake nufi. Wanda ya ce ƙanƙara tana sauka a garinsu “once in a blue moon” mai yiwuwa shekara goma yake nufi. Ma'aunin shi ne abin da aka saba gani ga irin wannan abu. Shi ya sa ma'aikacin lafiya da ke aiki da Turanci, idan majiyyaci ya ba shi wannan amsa game da shan taba ko maganin ciwon kai, bai kamata ya rubuta ta haka ba. Sai ya sake tambaya: sau nawa a watan da ya wuce? Amsar farko ra'ayin majiyyacin ce game da kansa, ta biyu ita ce za a iya aiki da ita.

Wannan ya kai mu ga abin da ƙamus ba ya faɗa, wato muryar da ke bayan furucin. Ba a cika faɗinsa don ba da labari kawai ba. Sau da yawa ƙorafi ne: uwa ta ce wa ɗanta “You call me once in a blue moon”, ma'ana ka yar da ni, sai ka bushi iska kake kirana. Wani lokaci kare kai ne, kamar wanda matarsa ta gan shi da tsire bayan likita ya hana shi jan nama, ya ce “It's only once in a blue moon”, wato ai ba kullum ba ne. Wani lokaci kuma yabo ne mai nauyi. Mai sharhin ƙwallo zai ce “A player like this comes along once in a blue moon”, abin da Bahaushe zai ce irinsa sai an tona. Kalmomin ba su sauya ba, amma fassarar ta sauya sau uku. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya ya riƙa liƙa ta ko'ina zai rasa ƙorafin, ya rasa yabon.

A nahawu aikin bayanau yake yi. Mazauninsa na asali ƙarshen jimla ne: “We eat out once in a blue moon”, ba mu cika cin abinci a waje ba. Ana iya kawo shi farko a bi shi da waƙafi, idan ana so a jawo hankali ga abin da zai biyo baya: “Once in a blue moon, the train arrives early.” Abin da ba a yi shi ne a cusa shi tsakanin mai aiki da aikatau kamar yadda ake yi da “rarely”. “She rarely cooks” daidai ce, amma “she once in a blue moon cooks” banbaraƙwai take a kunne, domin furucin ya fi ƙarfin wannan gurbi. Lokacin da yake tafiya da shi kuwa shi ne wanda nahawun Hausa ke kira lokaci sabau, mai “yakan” da “takan”. A Turanci wannan na nufin aikatau tsura kamar “he visits”, ko al'adar da ta wuce kamar “he used to visit” da “he would visit”. Ba ya jituwa da abin da ake cikin yi yanzu, don haka “he is visiting once in a blue moon” ba ta zauna ba.

Kuskuren da ya fi kama Bahaushe daga korewa yake fitowa, kuma dalilinsa a fili yake. Mu da korewa muke faɗin wannan ma'ana: ba ya zuwa sai an daɗe, ba kasafai yake zuwa ba. Sai mai koyo ya ɗauko “not” ya saka: “He doesn't come once in a blue moon.” A Turanci ƙarancin yana cikin furucin tun farko, don haka ƙara korewa rushe jimlar yake yi, mai sauraro ya rasa ko ana nufin yana yawan zuwa ko ba ya zuwa sam. Daidai ita ce “He comes once in a blue moon.” Idan ana son ƙarfin da “sai” ke bayarwa a Hausa, “only” ce ke ɗauke da shi: “He only comes once in a blue moon.” Wuri ɗaya ne korewa ke shiga, kuma a nan an jefar da “once”: “I haven't seen you in a blue moon”, wato kwana biyu, ka yi wuyar gani. Wannan tsohon yayi ne, yau an fi jin “in ages”.

Ƙananan kalmomin ba a taɓa su. “In” ce ba “on” ba, “a” ce ba “the” ba, “moon” tilo ne ba jam'i ba, kuma ba a sa manyan baƙaƙe. A magana ana jin “every once in a blue moon”, wanda ya samo “every” ɗinsa daga “every once in a while”, kuma an karɓe shi. Idan furucin ya koma sifa a gaban suna, sai a ɗaure kalmomin da karan ɗori: “a once-in-a-blue-moon chance”. Wajen furtawa, kalmomi ukun farko haɗe suke fita kamar “wansina”, a kuma kiyaye cusa wasali a “blue” har ta koma “bulu” irin ta Hausa, sannan nauyin murya ya sauka a kan “moon”.

Wurin amfani da shi hira ce, da wasiƙar zumunci, da sharhin jarida mai sakin jiki. Bai dace da takardar yarjejeniya ba, ko rahoton bincike, ko umarni irin na kotu da asibiti. A can “rarely” ko “seldom” ake so, in ma da hali a ba da adadi. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC suna haɗuwa da irinsa a sashen da ake ba da jimla a ce a zaɓi fassarar da ta fi dacewa, kuma tarkon da ake ɗanawa yawanci zaɓi ne mai kama da “sau ɗaya a wata” ko “da daddare”. Masu jarrabawar Turanci ta IELTS kuwa, a ɓangaren magana ne salon magana ke ƙara maki, ba a rubutun muƙala ba. Ko a maganar ma, sau ɗaya a inda ya dace ya wadatar. Wannan furuci na cikin waɗanda ɗalibai suka fi haddacewa, kuma mai jarrabawa yana gane wanda aka cusa da ƙarfi.

Yana da maƙwabta da ake yawan ruɗa shi da su. “Out of the blue” kwatsam ce, ba zato ba tsammani, kuma shuɗin da ke ciki na sararin samaniya ne, daga hoton tsawa da ta faɗo alhali babu hadari. Ita maganar bazata take yi, ba ƙarancin faruwa ba. “Over the moon” murna ce, kamar mutum ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. “Once in a lifetime” sau ɗaya ne a rayuwa, ba maimaici. “When pigs fly” kuwa abin da ba zai taɓa yiwuwa ba ne, irin shigar raƙumi ta kafar allura. Akwai darasi na musamman ga mai Hausa a nan. Mu launuka uku ne suka mamaye salon maganarmu, fari da baƙi da ja, kuma kowanne yana da alƙibla: farin jini da farin ciki, baƙin jini da baƙar aniya, jan aiki da jan hali. Wanda ya san alƙiblar zai iya hasashen sabon furuci. Shuɗin Turanci ba haka yake ba. A “feeling blue” damuwa ce, a “blue blood” jinin sarauta, a “blue-collar” aikin ƙarfi. Babu zare ɗaya da ya ɗinke su, don haka kowanne sai an koye shi shi kaɗai.

Daga abin da ba zai yiwu ba zuwa abin da ke wuya

Mafi daɗewar rubutun da aka sani ya ambaci shuɗin wata na shekarar 1528 ne. Wasu 'yan Ingila biyu da suka bar zaman zuhudu na cocin Katolika suka buga wata ƙasida ta waƙe suna sukar Kadinal Thomas Wolsey, babban jigon coci a Ingila a lokacin, da sauran malaman coci. Kukansu shi ne, ko da malaman sun ce wata shuɗi ne, dole talaka ya gaskata. A wancan zamani ke nan shuɗin wata misali ne na maganar da hankali ba zai ɗauka ba, kamar a ce maka baƙi fari ne. Daga nan ya koma nufin “ba zai taɓa faruwa ba”, domin jiran ranar da wata zai yi shuɗi jiran gawon shanu ne. A ƙarni na 19 ma'anar ta yi laushi. Wani littafi na 1821 kan rayuwar birnin Landan ya riga ya yi amfani da shi da nufin “an daɗe ba a haɗu ba”, kuma daga nan ma'anar yau ta zauna.

Wannan shekara ta 1821 tana da muhimmanci, domin tana rushe labarin da ke yawo cewa aman wutar dutsen Krakatoa ne ya haifi furucin. Dutsen a 1883 ya fashe, shekara 62 bayan an riga an rubuta maganar. Haka nan bayanin da ke cewa kalmar asalinta wata tsohuwar kalma ce mai nufin “maci amana”, wai watan ya yaudari mutane game da lokacin azumin Kirista, masana tarihin kalmomi ba su karɓe shi ba.

Amma watan ya yi shuɗi da gaske. A ƙarshen Agusta 1883 Krakatoa, da ke tsakanin tsibiran Java da Sumatra a Indonesiya, ya watsa toka can ƙololuwar sama, iska ta zagaya da ita duniya. Kusan shekara biyu mutane a ƙasashe daban-daban suna ba da labarin ganin wata shuɗi, wani lokaci rana ma kore-kore. A Satumba 1950 hayaƙin gobarar daji a arewacin jihar Alberta ta Kanada ya ratsa gabashin Amurka ya tsallaka Tekun Atalantika, har a ranar 26 ga watan aka ga rana shuɗiya a Sukotlan, masana a Edinbura suka auna haskenta. An sake samun irin waɗannan rahotanni bayan fashewar El Chichón a Meziko a 1982 da Pinatubo a Filifin a 1991.

Sirrin yana ga girman ƙwayoyin da ke yawo a iska. A al'ada, ƙwayoyin iska ƙanana ne ƙwarai, kuma shuɗin haske suka fi warwatsawa. Shi ya sa sama take shuɗiya da rana, shi ya sa kuma rana mai faɗuwa da wata mai fitowa suke yin ja, domin shuɗin ya zube a hanya. Idan aka samu ƙwayoyin toka ko hayaƙi masu faɗin kusan maikiron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, sai abin ya juye. Wannan girma ya ɗan ɗara tsawon zangon igiyar jan haske, wanda yake kimanin maikiron 0.7, don haka ja ne ke warwatsewa, shuɗi ya wuce ya iso ido. Sharaɗin shi ne ƙwayoyin su zama kusan kai ɗaya. Wannan ne ya sa hazon hunturu da ke taso mana daga Sahara, duk kaurinsa, ba ya ba mu shuɗin wata: ƙurar gauraye take, manya da ƙanana, sai watan ya dusashe kawai ko ya yi ruwan ƙasa. Kuma wannan shuɗi na zahiri ba ruwansa da cikar wata ko kwanan wata. Jinjirin wata ma yana iya yinsa.

Lissafin kalanda

Ma'anar da 'yan jarida ke nufi lissafi ce zalla. Daga cikar wata zuwa cikar wata kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, wato 29.53. Sau 12 ya ba da kwana 354 da ɗoriya, shekarar rana kuwa 365 ce da kusan rubu'i. Rarar kusan kwana 11 tana taruwa, sai a samu shekarar da wata ya cika sau 13 a cikinta. A cikin shekara 19 wata yana cika sau 235, alhali watannin kalanda 228 ne. Ragowar 7 ke nan, wato kusan sau ɗaya a shekara biyu da wata takwas ko tara. Wannan zagaye na shekara 19 an san shi tun zamanin Meton, masanin taurari na Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da shi kalandar Yahudawa ke ƙara wata na 13 sau bakwai a kowane zagaye.

Tambayar ita ce, a shekara mai cika 13, wanne ne baƙon? Amsoshi biyu ne. Tsohuwar ta fito daga wani kundin kalandar manoma na jihar Maine a Amurka, wanda fitowarsa ta 1937 ta shahara a wannan batu. A can shekara kashi huɗu ce, iyakokinta kusan 20 ga Maris, 21 ga Yuni, 22 ga Satumba da 21 ga Disamba. Kowane kashi yakan samu cikar wata uku, kuma kowace tana da suna da ke da alaƙa da noma ko bukukuwan coci. Idan kashi ya samu huɗu, ta uku ake kira “blue moon”, ba ta huɗu ba, domin ta ƙarshe ta riƙe sunanta da gurbinta. Misali na kusa shi ne 2024: wata ya cika a 22 ga Yuni, 21 ga Yuli, 19 ga Agusta da 18 ga Satumba, duk a kashi ɗaya, don haka ta 19 ga Agusta ce mai sunan.

Sabuwar amsar, wadda ta fi yaɗuwa, daga kuskure ta samo asali. A fitowar Maris 1946 ta mujallar Sky & Telescope, wani mai sha'awar ilimin taurari, James Hugh Pruett, ya yi rubutu yana dogaro da abin da wani ya tsakuro daga kundin Maine, ba tare da kundin a gabansa ba. Ya lissafa cewa shekara mai cika 13 dole ta samu wata guda na kalanda mai cika biyu, sai ya ɗauka ta biyun ce ake nufi. Shirin rediyo na StarDate ya maimaita bayanin a Janairu 1980, wasan tambayoyi na Trivial Pursuit ya saka shi a 1986, daga nan ya zama abin da kowa ya sani. Sai a 1999 mujallar ta bi sawun maganar ta bayyana inda aka yi tuntuɓe. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. A ganina babu amfanin ci gaba da kiran wannan ma'ana kuskure, domin harshe na masu magana da shi ne, kuma ita ce wadda kowa zai iya tabbatarwa da kalandar bango.

Ga yadda ake gane ta. A wata mai kwana 31, sai cikar farko ta faɗo ranar 1 ko farkon ranar 2. A mai kwana 30, sai ta faɗo da wuri a ranar 1. Fabrairu ba zai taɓa ɗaukar biyu ba, ko a shekarar da yake da 29. Wani lokaci ma ba ya samun ko ɗaya, sai Janairu da Maris kowanne ya samu biyu, kamar a 1999 da 2018, sai kuma 2037, tazarar shekara 19 daidai. Sauran ranakun sun haɗa da 31 ga Oktoba 2020, 31 ga Agusta 2023, 31 ga Mayu 2026 da 31 ga Disamba 2028, wadda ita ma shekara 19 ce cif bayan ta 31 ga Disamba 2009. Agogon ƙasa yana iya sauya lissafin. Cikar 31 ga Oktoba 2020 ta zo da misalin ƙarfe 3:49 na yamma agogon Nijeriya da Nijar, amma a Niyu Zilan an riga an shiga 1 ga Nuwamba, don haka nasu “blue moon” ɗin sai 30 ga Nuwamba.

Abin lura shi ne, wannan ma'ana ta saɓa wa ta bakin mutane ta fuska biyu. Tana da lissafi sananne, ana iya faɗin ranarta shekaru ɗari kafin ta zo, alhali “once in a blue moon” na abin da ba shi da ƙa'ida ne. Sannan ta zo daga baya. Kuskure ne a gaya wa ɗalibi cewa furucin yana nufin “sau ɗaya a shekara biyu da rabi”.

Ga mai bin kalandar Hijira, lamarin gaba ɗaya ba ya tasowa. Watan Musulunci da ganin jinjiri yake farawa, kwana 29 ko 30 ne, kuma cikarsa ɗaya ce a tsakiya, a fararen kwanakin nan na 13 da 14 da 15. Shekara wata 12 ce ba ƙari, kamar yadda ayoyi na 36 da 37 na Suratut Tauba suka tsayar. Cikar 1 ga Agusta 2023 ta tsakiyar Muharram ce ta 1445, ta 31 ga Agusta kuma ta tsakiyar Safar. Babu baƙo a cikinsu. Rarar kwana 11 ɗin da ke haifar wa Miladiyya “blue moon” ita ce dai ke sa azumi yana zagaya damina da hunturu da bazara, ita ce kuma ta sa Ramadan ya kama sau biyu a 1997, a Janairu da ƙarshen Disamba, kamar yadda lissafi ya nuna zai sake yi a 2030.

Wajen fassara

Mai fassara zuwa Hausa yana da ƙarin matsala, domin “wata” a wurinmu na sama ne kuma na kalanda ne. “Shuɗin wata” ba ya isar da komai, kuma ga kunnen da ya san shuɗi a matsayin rinin baba na marina, hoton da zai zo masa ya fi na Bature duhu. Idan salon magana ne, a jefar da watan da launin gaba ɗaya a nemo na gida gwargwadon murya: “can ba a rasa ba” ga labari, “daga sallah sai sallah” ko “sai ya ga dama” ga ƙorafi, “sai an tona” ga yabo. Haka sauran harsuna suke yi. Bafaranshe cewa yake “tous les trente-six du mois”, wato duk ranar 36 ga wata, furucin da masu karatun Faransanci a Nijar za su iya cin karo da shi. Ɗan Italiya kuwa da mutuwar Fafaroma yake auna tsawon tazarar.

Idan labarin sama ne, sai a fayyace wane wata ake nufi a kowane gurbi, a kuma faɗi wace ma'ana ce cikin biyun. Hotunan shuɗin wata da ke rakiyar irin waɗannan labarai a Facebook yawanci rina su aka yi da matacin launi na kyamara ko manhajar gyaran hoto, don haka ya kamata rubutun ƙasan hoton ya faɗi haka. A kuma raba shi da “blood moon”, wanda shi jan da wata ke yi ne lokacin husufi, abin da tsofaffi ke kira zazzaɓin wata. Su biyun za su haɗu a daren 31 ga Disamba 2028. Kanun da zai fito daidai a ranar shi ne: wata zai cika karo na biyu a cikin Disamba, abin da Turawa ke kira “blue moon”, kuma a wuraren da husufin zai riska da dare launinsa ja zai yi.